Gindin Gawon Da Na Daina Shukawa

Gonarmu ta gado tana gabas da gari, a ƙasar Kurfai, kuma akwai gawo guda ɗaya a tsakiyarta. Duk wanda ya taɓa riƙe hauya ya san hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina kyau a gona. Itacen yana zubar da ganyensa da damina, ya bar wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Mahaifina a nan yake zaɓen iri. Ni kuwa yau shekaru ke nan ban jefa ƙwaya ɗaya a wurin ba. Idan mai wucewa ya tambaye ni dalili, sai in ce tururuwa ce ta dame ni. Ƙarya nake yi, kuma na gaji da ita.

Tun ina yaro, idan aka gama yankan hatsi, dammuna suka shiga rumbu, aka saki gonaki, akwai wani Bafulatani da yake saukowa daga arewa da shanunsa ya zauna a gonarmu har rani ya yi nisa. Shanu su ci kara, su bar mana taki. Mu ba shi hatsi, ya ba mu nono. Babu takarda a tsakani, babu shaida. Ubansa ya sauka a wurin kakana, shi ya sauka a wurin mahaifina, da mahaifina ya rasu ya ci gaba da sauka a wurina. Baffa muke ce masa, matarsa kuma Inna. Ranar da na fara koyarwa a lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko, ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Malam, yana yi yana dariya, wai yaron da ya taɓa gudun ɗan maraƙi har ya faɗa cikin ƙaya shi ne yau yake tsawata wa ƴaƴan mutane.

Suna da ɗa, autansu, wanda na girme shi da kusan shekara goma. Mutum ne mai shiru, ga kunya. Idan ya kawo nono gidanmu ba ya wuce bakin ƙofa, sai matata ta yi ta fama da shi kafin ya zauna ya sha ruwa. A lokacin da nake ba da labari ya riga ya yi aure, yana da ƴaƴa biyu, kuma garken yana hannunsa, don ƙafar Baffa ta fara gajiya.

Sai masifa ta zo. Ba zan tsaya bayanin ta ba, duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san ta. Mutane ne a kan babura, fuska a rufe, bindiga a kafaɗa. Da farko labarinsu muke ji daga nesa, daga baya muka riƙa jin sun shiga garin da muke cin kasuwarsa. An rufe lakwal, na koma manomi zalla. Wata rana ana gab da kaka, da hantsi, suka faɗo wa masu aiki a gonakin arewacin gari. Cikin waɗanda aka ɗauko a kan amalanke har da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ƙanena ya bar ɗa namiji, saurayi, wanda ni na koya masa karatu. Tun daga maƙabarta na ga idonsa ya canja. Shi da samarin gari suka haɗa kai, wai za su tsare gari. Wannan ban ga laifinsa ba. Abin da ya lalata komai shi ne maganar da ta bazu, cewa maharan da Fillanci suke magana, saboda haka duk mai sanda da malafa ɗan leƙen asiri ne. Na ji maganar a bakin masallaci, na ji ta a bakin rijiya. Ni da nake da baki, wanda aka sani da gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba, ban ce uffan ba. Ƙanena ne aka kashe, kuma a ranakun nan zuciyata ba ta neman gaskiya.

Kwana biyar da rasuwar, da azahar, na fita gona don kawai in guje wa masu gaisuwa. Hatsi ya fi mutum tsawo. Na nufi gawo, sai na ga an tattake karan wajen, kamar an yi kokawa. A nan na same shi, autan Baffa, kwance rub da ciki. Ba zan faɗi yadda aka yi masa ba. Kusa da shi akwai ɗan gora na man shanu da aka ɗaure bakinsa da tsumma, bai ko fashe ba. Na gane goran, na Inna ne, shi take aiko wa matata da shi duk shekara. Labarin mutuwar ƙanena ya kai wa su Baffa can mashekarinsu na damina, suka aiko shi ya yi mana gaisuwa. Tafiyar yini biyu ya yi a ƙasa don ya ce mini Allah ya ji ƙai.

Ina tsaye na ji motsi a bayana. Ɗan ƙanena ne, ya dawo shi kaɗai, ban san abin da ya dawo yi ba. Muka dubi juna. Ban tambaye shi ba, bai yi musu ba. Ya ce su huɗu ne suka kashe shi, kuma sun ɗauka ya zo leƙen gari ne. Na ce masa ya san shi sarai, a bayansa ya koyi hawan jaki. Ya durƙusa yana kuka. Na kore shi, na ce kada in ƙara ganin ƙafarsa a gonar.

Na ɗauko hauya daga bukkar gona na haƙa kabari a gindin gawon, don nan ne ƙasa ta fi laushi. Ban yi masa wanka ba, ruwan butata bai kai ba. Na warware rawanina na lulluɓe shi, na tsaya ni kaɗai na yi masa salla, na kwantar da shi fuskarsa na duban gabas. Goran man na tura shi a ƙarƙashin wata sabara. Na dawo gida kafin la'asar, matata ta tambaye ni ina rawanina, na ce ƙaya ta yaga shi. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

A wannan shekara babu makiyayin da ya sauko. Mu ma da muka kwashe abin da za mu iya, birnin Filinge muka gudu, muka rakuɓe a gidan ƴan'uwan matata. Mun yi kusan shekara biyu muna kaiwa da komowa, mu yi shuka mu gudu, mu dawo mu yi noma muna waiwaye. Duk shukar da na yi, da na zo gindin gawo sai in ɗaga sungumi in zagaye. Hannuna ba ya iya sarar wurin.

Da abubuwa suka ɗan lafa, aka ce za a yi zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya na yankinmu. An kafa rumfuna a filin kasuwar garinmu. Manya sun zo daga nesa da motoci, ga limamai, ga masu gari, ga ardo-ardo, wasu daga wajen Bonkuku, wasu daga Damana. An yanka shanu, an dafa shinkafar da ban taɓa ganin irin yawanta ba. Da yake ni malamin lakwal ne, na iya rubutu da Faransanci, aka zaunar da ni a gefen tebur aka ba ni kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, in rubuta abin da aka faɗa. Na ji daɗin wannan girma, ba zan ɓoye ba. Har sabuwar riga na sa.

Tun kafin a fara aka gindaya sharaɗi: ba za a ambaci sunan kowa ba, ba za a tono abin da ya wuce ba. Kowane ɓangare ya yi asara, in ji mai jagorancin zaman, kuma idan aka ce za a bi kowane jini, babu gidan da zai tsira. Za a yi maganar burtali da rijiyoyi da ranar sakin gonaki, a dafa Alƙur'ani, a yafi juna. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, har na fi kowa, don na san gidan da sharaɗin ya rufa wa asiri.

Ana cikin jawabai sai na ga wani tsoho ya miƙe daga bayan rumfar makiyaya, yana dogara sanda. Baffa ne. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Ba a ba shi izini ba, amma tsufansa ya sa aka yi shiru.

«Ni ban taho neman shanu ba,» in ji shi, «ban taho a kama mini kowa ba. Ɗana ya taho garin nan gaisuwar mutuwa, bai koma ba. In shina da rai, a hwaɗa mini. In ya mutu, a gwada mini wurin da anka sa shi, in kai uwatai ta gani. Shi ke nan.»

Bai dube ni ba. Da ya dube ni, watakila da bakina ya buɗe. Na hango ɗan ƙanena a cikin samari, kansa a ƙasa. Na yi tunanin idan na nuna wuri za a ce wa ya binne shi, idan na ce ni ne za a ce wa ya kashe shi, daga nan sai jandarmomi, sai gidan kaso, kuma uwar yaron da ta rasa miji ta rasa ɗa. Na yi tunanin taron zai watse a kaina, a ce malam ne ya ɓata sulhu. Duk wannan tunani gaskiya ne, amma a ƙarƙashinsa tsoro ne kawai.

Mai jagoranci ya ba Baffa haƙuri da lafazi mai daɗi, ya tuna masa sharaɗi, ya ce Allah ne masanin inda kowa yake. Wani daga ɓangarenmu ya yi gunaguni yadda kowa zai ji, wai samari nawa ne suka bi masu babura suka bar iyayensu suna nema. Baffa ya ji. Ya koma ya zauna. Na ɗaga bik zan rubuta tambayarsa, na kusa da ni ya dafa hannuna ya ce wannan ba ta cikin abin da aka zo yi. Ban rubuta ba. Da yamma aka dafa Alƙur'ani, aka yi addu'a, aka ɗauki hotuna muna musabaha. A hoton da na gani daga baya, ina murmushi.

Ba zan ce sulhun banza ne ba. Kasuwa ta dawo, mata suka koma itace, makiyaya suka fara saukowa. Na sha faɗa wa kaina cewa shirun da na yi yana cikin abin da ya sayo mana wannan. Amma maganar mutumin nan mai gunaguni ita ta zauna. Kafin wata biyu, kowa a gari ya yarda autan Baffa ya shiga daji ya ɗauki bindiga. Har waɗanda suka san ba haka ba ne suna faɗa. Mutumin da ya mutu a hanyar zuwa yi mini gaisuwa ya zama ɗan ta'adda a bakin mutane, ni kuma ina zaune ana faɗa.

Da kaka ta yi, aka saki gonaki, wata safiya na ji kukan shanu a gabas. Baffa ne ya sauko, shi da Inna da matar marigayin da ƴaƴansa, da ɗan abin da ya rage na garke. Na so in ce masa bana ya sauka wani wuri, amma babu bakin faɗa. Na je na yi masa maraba. Ya zagaya gonar a hankali kamar yadda ya saba, yana duba kara. Da ya zo gindin gawo ya tsaya. Ko'ina kututturen hatsi ne a jere, sai wannan wuri ɗaya da ciyawa ta rufe. Ya daɗe yana kallo. Na fara ba shi labarin tururuwa, ya ce to.

A da, a gindin gawon yake kafa dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, saboda inuwa. A wannan shekara can gefe ya kafa shi. Kashegari na tarar ya saro ƙaya ya kewaye gindin gawon. Na tambaye shi dalili, ya ce kada shanu su shiga gidan tururuwa. Na yi dariya, shi bai yi ba. Ni da ake ce wa mai ilimi, na koma gida ina jin daɗi wai na tsira.

Inna ce ta fi ba ni wahala. Kullum na je gona da safe sai ta dama mini fura da nono, ta zauna nesa kaɗan tana kallona ina sha. Ta tambaye ni sau ɗaya ko ɗanta ya iso gidanmu a wancan lokaci. Na ce bai iso gidanmu ba. Na zaɓi kalmomin da kyau don kada a ce na yi ƙarya, kuma har yau wannan wayo ya fi ƙaryar ba ni kunya. Ta ce ita ba ta yarda ya bi mutanen daji ba, yaron da ko akuya ba ya iya yankawa sai ya kira wani. Tunaninta shi ne an kama shi bisa kuskure an kulle.

«Malam, kai ka san takarda,» ta ce mini wata rana. «In ka tahi Filinge ka duba mini, ko sunanshi na cikin waɗanda anka kulle. Ko ba su sake shi ba, in dai san shina cin abinci.»

Na ce zan duba. Kuma na je, wannan shi ne abin da ba na iya yafe wa kaina. Na hau mota ranar kasuwa, na sauka Filinge, na sha shayi a tasha, na sayi gishiri da sabulu, na dawo na ce mata na duba ban ga sunansa ba, amma an ce akwai waɗanda aka wuce da su gaba. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka. Bukkarta ba ta fi taku talatin daga inda ɗanta yake kwance ba.

Rani biyu ta yi a gonar tana wannan jira. Duk baƙon da ya wuce sai ta tare shi da tambaya. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa, bari dai ɗan ƙanena ya yi aure, bari dai hankali ya ƙara kwanciya. Ya yi auren, ya buɗe ɗan shago, har yakan gaida Baffa a kasuwa ya rage masa kuɗin sukari. A damina ta uku, suna can arewa, Inna ta kwanta ciwo ta rasu. Labari ya zo mana a bakin masu sayar da dabbobi. Matar da ta yi jinyarta ta ce har ranar ƙarshe tana cewa a ajiye wa ɗanta ƙwaryarsa ta fura.

Da kaka Baffa ya sauko shi da jikokinsa. Na je yi masa gaisuwa da hantsi, na same shi zaune a kan buzu kusa da shingen ƙayar, yana gyara igiya. Na yi gaisuwa, na zauna. Na ji idan ban faɗa a ranar ba, ba zan taɓa faɗa ba.

«Baffa, ɗanka shina nan cikin shingen ga. Ni na sa shi da hannuna.»

Bai ɗaga kai daga igiyar ba. «Na sani, Malam. Tun shekarar da na komo. Wane manomi ka barin gindin gawo bai shuka ba?»

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa wa Inna, tambayar da ba ni da hurumin yi. Ya ajiye igiyar. Ya ce ta yaya zai ce wa uwa ɗanta ya mutu don kawai ya ga ciyawa a gona? Shi zato yake da shi, ni ne mai sani. Idan ya faɗa mata, za ta zo wurina, kuma ya ji da kunnensa irin amsar da nake bayarwa. Ya ce kowace safiya idan na zo shan fura yana cewa yau ne, yau ɗan abokinsa zai buɗe baki.

Na jira ya tambaye ni wa ya yi. Na riga na shirya zan faɗa, ko me zai biyo baya. Bai tambaya ba. Abin da ya tambaya daban ne.

«An yi mishi salla?»

«Na yi, Baffa. Ni kaɗai.»

«Ka maida huskatai gabas?»

«Na maida. Da rawanina na ruhe shi.»

Ya gyaɗa kai. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba: «Wannan kaɗai take so ta ji. Da ka hwaɗa mata, ko da sau guda, da ta bar aje mishi ƙwarya.»

Na roƙe shi gafara. Ya ce nasa ya yafe, amma na Inna ba a hannunsa yake ba. Ya kira jikokinsa biyu, ya nuna musu shingen, ya ce ubansu yana nan, kuma gaisuwa ya zo yi, ba bindiga ya ɗauka ba. Ya sa ni na maimaita musu da bakina. Ranar Juma'a na tsaya a bakin masallaci na faɗi wannan ɗin, ban ambaci kowa ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce ina neman tayar da abin da aka binne. Ɗan ƙanena ya yi wata uku bai gaishe ni ba.

Baffa ya ƙarasa ranin a gonar. Shekarar da ta biyo bai sauko ba, an ce ƙafa ta hana shi, garken kuma ya koma hannun dangin matar ɗansa, waɗanda suke sauka can wajen Tondikandiya. Gonata ta rasa taki, hatsinta yana raguwa kowace shekara.

Kayen da na rubuta a ranar sulhu yana nan a akwatina, don kwafi kawai manyan suka ɗauka. Shafi goma sha ɗaya ne da rubutuna mai kyau, akwai faɗin burtali, akwai sunayen rijiyoyi, akwai wanda ya buɗe da addu'a da wanda ya rufe. Tambayar Baffa ba ta ciki. Bara na je gyara shingen ƙayar, na tono ɗan goran man a ƙarƙashin sabara, gara ta cinye rabinsa. Na kawo wa matata, na ce saƙon Inna ne. Ta karɓa da hannu biyu, ta tambaye ni yaushe aka aiko shi, na faɗa mata.